Daga Dogari zuwa Caji Ofis: Tarihi da Tsarin Tsaron Doka a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hukumomin da suka riƙe aikin kama mai laifi a ƙasar Boɗinga da Shagari, tun zaman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sifawa har zuwa yau. Ta dogara ga rubuce-rubucen jagororin jihadi, da ayyukan masana tarihi, da tanadin tsarin mulkin Nijeriya. Ta nuna cewa a kowane zamani, abin da ya fi tasiri ga talaka shi ne samuwar wanda zai iya tuhumar mai kamu idan ya wuce gona da iri, fiye da kasancewar mai kamun ɗan gari ko baƙo.

Gabatarwa

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne a kudancin birnin Sakkwato, kan hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega. Fitattun ayyukan da aka yi kan tarihin 'yan sanda, irin na Tekena Tamuno (1970) da na Kemi Rotimi (2001), sun kalli al'amarin a matakin ƙasa da na jiha. Amfanin saukowa zuwa wannan yanki shi ne, a nan aka zauna aka tsara yadda za a mulki daular Usmaniyya, kuma a kusa da nan tsarin ya gamu da jarrabawarsa mafi muni.

Zamanin Sifawa

Shehu ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, daga wajen 1810 zuwa 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a garin Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. A 1812 aka raba kula da daula: gabas ga ɗan Shehu, Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya kafa gwamnati bisa mutum huɗu, wato waziri da alƙali da shugaban shurɗa ('yan sanda) da mai karɓar haraji, ya kuma ɗora wa shugaban shurɗa nauyin kare mai rauni daga danniyar mai ƙarfi. Abdullahi ya faɗaɗa bayanin muƙamai a Liya'ul Hukkami. Akwai kuma muhtasibi, mai lura da kasuwa da mudu da ɗabi'un jama'a.

Abin lura shi ne rabon aiki. Mai kamu dabam, mai yanke hukunci dabam, kuma ƙofar kai kuka ga sarki a buɗe take ga wanda ma'aikaci ya zalunta. Wannan a rubuce ke nan. A aikace, dogarai ne suka ci gaba da kamu da rakiyar masu laifi, yari yana riƙe da kurkuku, kuma da yawan dogaran bayin fada ne waɗanda biyayyarsu ga sarki take kai tsaye. Don haka ingancin tsarin ya rataya ga halin mai sarauta da tsayuwar alƙali.

Satiru, 1906

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su rushe dogarai ba, sun mayar da su hannun da za su riƙa kamu da shi. Ƙauyen Satiru, 'yan milamilai kudu da Sakkwato, shi ya fara nuna inda wannan ya dosa. A 1904 aka kama shugaban ƙauyen, Malam Maikaho, bisa da'awar Mahdiyyanci, ya rasu a tsare. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, ƙarƙashin ɗansa Malam Isa da Ɗan Makaho, suka fatattaki rundunar da aka tura musu, suka kashe Turawa uku, ciki har da muƙaddashin Razdan, Hillary. A watan Maris aka dawo da sojoji tare da dakarun fadar Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000.

Masana sun fi tattauna Satiru ta fuskar addini da bauta. Ta fuskar tsaron doka, darasinta shi ne sauyin alƙibla: daga wannan lokaci, wanda dogari ke yi wa aiki shi ma yana da na gaba da shi, wato Razdan, kuma talaka ba shi da hanyar kai kukan Razdan.

'Yan Dokar En'e

Daga shekarun 1920 aka fara sake fasalin dogarai a manyan masarautu, aka fitar da 'yan doka masu kaki da albashi daga baitulmali. A 1930 aka haɗe rundunonin Arewa da Kudu aka sami 'yan sandan Nijeriya, amma a karkarar Sakkwato ba kasafai ake ganinsu ba. Sarƙar da talaka ya sani ita ce mai unguwa, hakimi, uban ƙasa, sannan ɗan doka da alƙali. Shagari a lokacin tana ƙarƙashin Yabo, kuma mahaifin Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, shi ne Magajin garin. Baƙo bai kwana a gari ba tare da mai unguwa ya sani ba, ɓarawon shanu kuma sawunsa ake bi daga ƙauye zuwa ƙauye.

Wannan shi dattawa ke tunawa da kewa, kuma suna da hujja. Sai dai hannun da ya kama ɓarawo shi ya kama ɗan adawa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, an yi ta amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen murƙushe masu sukar En'e, wato hukumar gargajiya, a faɗin Arewa, tun da mai kamu da mai shari'a da mai kurkuku duk ma'aikatan hukuma ɗaya ne. Rabon aikin da jagororin jihadi suka tsara ya narke. Wannan ƙorafi na cikin dalilan da suka sa kwamitin Yusufu Gobir na 1966 ya ba da shawarar haɗe 'yan doka da gidajen yari cikin na tarayya, aka kuma aiwatar a zamanin Janar Gowon.

Tsarin Yau

Tsarin mulkin 1979, wanda Shehu Shagari ya yi shugabancin ƙasa a ƙarƙashinsa har 1983, ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya, kuma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita haka. Kisan manoma da 'yan sanda suka yi a Bakolori a 1980 ya isa shaida cewa mayar da iko tarayya bai kawar da zalunci ba.

A yau umurni na gangarowa daga Sufeto-Janar a Abuja zuwa shiyya ta 10 mai hedikwata a Sakkwato, zuwa kwamishinan jiha, zuwa baturen 'yan sanda na Boɗinga ko na Shagari. Ko gwamna ya ba kwamishina umurni, sashe na 215 ya ba kwamishinan damar neman a miƙa batun ga shugaban ƙasa tukuna. Sakamakon haka, sanin gari yana wurin uban ƙasa da hakimai, ikon kamu yana caji ofis, wurin jami'in da za a iya canja wa wurin aiki kafin ya san sunayen ƙauyuka. Giɓin da ke tsakani shi 'yan banga ke cikewa, tare da Sibil Difens da dokar 2003 ta kafa, da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar a 2024. Haramcin da gwamnatin Aminu Tambuwal ta yi wa 'yan sa-kai a 2021 ya nuna abin da ke faruwa idan ɗan gari ya riƙe makami ba mai tambayarsa.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma, waɗanda sarakuna ke da kujera a cikinsu. A ganin wannan nazari, ci gaba ne rabi da rabi, domin kwamitocin na ba da shawara ne kawai. Ikon ladabtar da jami'i yana hannun shugabanninsa da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ke Abuja. Manomin Shagari da aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko dai ya kai ƙarar baturen 'yan sanda ga na gaba da shi a cikin rundunar, ko ya nemi lauya ya tafi babbar kotu a Sakkwato, abin da kuɗinsa kan fi ƙarfin amfanin gonarsa.