Daga Cin Rani Zuwa Ƙaura: Manoman Arewacin Kano da Birni

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna yadda cin rani, tsohuwar al'adar ƙasashen Bichi, Dambatta da Minjibir, ya rikiɗe ya zama ƙaura ta dindindin.

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, manomin wannan yanki mai yawan jama'a da taki yake riƙe gonarsa, ba ya barin ta ta huta. In kaka ta wuce sai ya shiga fatauci ko saƙa ko dako, ya komo kafin shuka. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe kasuwar gyaɗa, wadda ta ba shi kuɗin haraji yana zaune gida.

Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, su suka karya wannan tsari, ga rabon gado yana ta tsintsinka gonaki. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya bunƙasa gine-gine da masana'antun Bompai da Sharaɗa. Saboda haka samari da dama suka tafi, damina ta faɗi ba su komo ba.

Sakamakon haka gandu ya raunana, marasa ƙarfi suka jinginar da gonakinsu, unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo suka cika maƙil. Cikin irin waɗannan baƙin samari Maitatsine ya sami mabiya da yawa kafin tarzomar Disamba 1980.

A ganinmu, muddin noma bai biya wa manomi bukatar kuɗi ba, birni zai ci gaba da kwashe 'ya'yansa.