Tarihin lagwanin da ke cikin sigarin lantarki 🧵

1/ Wanda ya tashi da fitilar ƙwai ko aci-balbal ya san lagwani. Shi ke tsotso kananzir ya kai wa wuta. To sigarin lantarkin nan da samari ke yayi, shi ma da lagwani yake aiki. Kuma an daɗe ana rigima a kan da me za a yi shi. Ku biyo ni.

2/ A 1965 wani Ba'amurke, Herbert Gilbert, ya samu rajistar haƙƙin ƙirƙirar sigari mara hayaƙi, amma bai shiga kasuwa ba. Sai a 2003 Hon Lik, masanin haɗa magunguna a China, ya fito da nasa. Mashayi ne shi kansa, kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinsa. A 2004 aka fara sayarwa.

3/ Yadda abin yake aiki: batir ya zafafa wata 'yar nannaɗaɗɗiyar waya, lagwani ya tsotso ruwan ya kawo mata, ruwan ya zama tururi. In lagwani ya gaza kawo ruwa da sauri, wayar ta ci gaba da zafi a bushe. Duk rigimar nan ce tushenta.

4/ Na farko-farko da zaren silika aka yi su, ɗan'uwan gilashi. Waya ba ta iya ƙona shi, har gasa shi ake yi don a tsaftace. Matsalarsa biyu: yana da nawa wajen tsotso, kuma in an yanka yana marmashewa. Masu sha suka fara tambayar ko wannan garin na tafiya huhu.

5/ Daga nan masu son haɗa kayansu da hannu suka ɓullo, suna naɗa wayarsu, suna sa lagwaninsu. A Jamus aka fito da salon da ake kira Genesis: a naɗe ragar ƙarfe mara tsatsa kamar tabarma, ta zama lagwani.

6/ To amma ƙarfe ai yana ɗaukar lantarki. Dole sai an babbaka ragar da wuta tukuna, in ba haka ba ta haɗu da waya a samu shot. Aiki ne na masu haƙuri, da yawa suka gudu.

7/ Wajen 2013 zuwa 2014 sai auduga ta karɓe fage. Ga arha, ga saurin tsotso. Da farko audugar kemis suke saya su tafasa, su shanya. Daga baya aka koma audugar Japan ta Muji da Koh Gen Do. Abin dariyar? Ta goge kwalliyar fuska ce ta mata. Ba wanda ya yi ta don a zafafa a shaƙa.

8/ Wasu kuma suka koma zaren rayon, wanda ake yi daga ɓargon itace, irin wanda ake amfani da shi a shagon gyaran gashi. An gwada zaren wiwi, an gwada tangaran. Kowane ɓangare na rantsuwa nasa ne ya fi.

9/ Laifin auduga ɗaya ne: tana ƙonewa. Da ruwa ya yanke sai ta babbake, mai sha ya zuƙi ƙauri mai kartar maƙogwaro. Kuma ba ɗanɗano kaɗai ne ya lalace ba. Ruwan da ya sha zafi fiye da kima yana rikiɗewa ya ba da wasu sinadarai.

10/ A Janairun 2015 masu bincike daga jami'ar Portland State suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa a bolt 5 sun ga fomaldihaid da yawa, sinadari mai jawo kansa, a bolt 3.3 kuwa ba su gani ba. Wasu masana suka ce ai ba mai iya jure zuƙar irin wannan ƙaurin. Kowane ɓangare dai ya yarda zafi ne ke kawo shi.

11/ A 2014 kamfanin Evolv ya fito da DNA 40, mai rage wuta in wayar nikel ta kai zafin da aka saita. Manufar ita ce kar audugar ta ƙone.

12/ Kun lura? Silika, raga, auduga, rayon: duk masu sha ne suka gwada su a kan huhunsu, bincike na biyo baya.

13/ Na yanzu da ake sha a yar, shi ma akwai lagwani a ciki, sai dai a rufe yake. Ba ka ganinsa, ba ka iya canza shi. In ka ji ƙauri, ya ƙone ke nan, kar ka ƙara zuƙa ko sau ɗaya. In kuma ba ka taɓa sha ba, ɗan'uwa, nikotin ɗin da ke ciki kama mutum yake yi, kowane irin lagwani aka sa.

14/ Wa ya tuna ranar da ya murɗa lagwanin fitila ya yi yawa, ƙwan ya yi baƙi ƙirin, ya sha faɗa a gida? 😅