Masu Bin Gida-Gida da Haja: Daga Ɗan Koli Zuwa Mai Salula



Duk wanda ya tashi a unguwanninmu ya san sallamar nan ta hantsi: "Salamu alaikum masu gida, ga haja ta iso!" Kafin a amsa, yara sun riga sun ruga zaure. Yau tarihin masu wannan sallama za mu waiwaya, don sana'ar tana cikin wani hali, kuma da hannunmu a ciki.

A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su ratso Agadas, su sauke a Zangon Zinder: madubi, allura, murjani, turare, takarda. Daga kudu kuma turkuɗin Kano da goron Gwanja ke shigowa. Amma ayari a zango yake tsayawa, ba ya shiga ƙauye. Wanda ke kai allura guda har ƙofar manomi shi ne ɗan koli. Ya sari kaɗan-kaɗan, ya ɗora a ka ko a jaki, ya ci kasuwar wannan gari, gobe ta wancan, tsakanin kasuwa da kasuwa kuma ya bi gidaje. Kuɗin lokacin wuri ne, inda babu wuri a auna mashi hatsi. In dare ya yi ya kwana a zauren mai gari, jakar kaya ce matashin kansa.

Sai dai ɗan koli namiji ne, iyakarsa zaure. Matan da ke cikin kulle kuwa su ne masu sayen tozali da jigida da kayan ɗakin ɗiya. A nan dillaliya ta samu gurbinta. Yawanci dattijuwa ce ko bazawara, wadda ba a hana ta shiga kowane gida. Kuma kaya biyu take ɗauka: ta shigo da zane, ta fita da tasa ko zoben da uwar gida ke son sayarwa a asirce don wata lalura. Ba ta faɗin mai kaya, la'adarta kawai take cira. Ta san gidan da ake shirin aure, ta san gidan da tukunya ta kwana biyu ba ta hau murhu ba, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da bakinta ya yi sako-sako, ranar ƙofofi ke rufuwa.

Zuwan Turawa ya sauya hajar, bai sauya tafiyar ba. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, kayan teku suka danne na hamada. A 1926 aka ɗauke fadar mulki daga Zinder zuwa Yamai, Maraɗi kuwa gyaɗa ta ɗaga ta. A 1945 ambaliyar Gulbi ta ci tsohon gari, aka hau tudu, kuma a ƙarshen shekarar aka kafa kuɗin sefa. Da kaka ta yi, manomi ya sayar da gyaɗa, sai ga 'yan koli a kan keke da atamfa, kwanon sha, fitilar ƙwai, sabulu. Galibinsu ba da jarinsu suke yawo ba. Ubangida ne a birni ke ba bara kaya, ya je ya sayar, ya dawo a yi lissafi. Da yawa daga cikin Alhazan Maraɗi da muke jin sunansu ta wannan ƙofa suka shigo kasuwa: aka ba su amana, suka maido, aka ƙara masu.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, kamfanin gwamnati na SONARA ya riƙe cinikin gyaɗa daga 1962. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗar, na 1984 ya ƙara. Samarin ƙauye suka kwararo birane cin rani, kuma sana'ar da ba ta neman shago ita ce mafi kusa: faranti a ka, da ashana, batir, alawa da reza.

To, yaya yinin mai wannan sana'a yake? Da sassafe ya je wurin mai shago a ƙirga mashi kaya. Daga nan sai ƙafa, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Wani gida kare ya tare shi, wani gida yaro ya leƙo ya ce, "Wai ta ce ba ta nan." Dillaliya ta kwance ƙulli duka, a ɗaga wannan, a gwada wancan, a ci mata awa guda, a ƙarshe a ce, "Inna, sai wani jiƙon." Ta ɗaure kayanta da fara'a, don gobe ma nan za ta dawo. Ribar wani abin dala biyar ce, wani dala ashirin. Kuma mafi yawan cinikin bashi ne: a ɗauki turmin atamfa yau, a riƙa ba da jikka-jikka ranar da aka kwashi adashi. Babu takarda, babu sa hannu. Da can wasu da gawayi suke ja a bango, wasu a ka kawai suke riƙewa.

Abin da muke mantawa shi ne bashin nan sarƙa ce. Dillaliya na bin uwar gida, mai shago na bin dillaliya, shi ma wani babban ɗan kasuwa a Kano ko Kwatano na bin sa. Shi ya sa duk girgizar da ta taso daga sama, a kan mai yawo take ƙarewa. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, haja ta yi wuya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle, wadda ta raba zannuwa bashi a tsohon farashi ta karɓi kuɗin da ba su iya maido mata ƙullinta. Aka sake rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan Yulin 2023. Abin da ya tallafi mata da yawa shi ne asusu, irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mace ke iya ranto ɗan jari daga 'yan uwanta.

Yau jikanyar dillaliya hoton kaya take ɗorawa a WhatsApp, ɗan kabu-kabu ya kai. Jikan ɗan koli yana yawo da caja, turare da fitila mai aiki da rana, wani lokaci kamfani ne ke biyansa gwargwadon abin da ya sayar. Amma har yanzu babu wanda ke tura jikka goma ga wadda bai yarda da ita ba, haka ita ma ba ta sakin kaya sai ga wadda ta sani. Jarin bai canja ba tun zamanin wuri.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan jarin ne muke ci. Mu nawa ne muka ɗauki kaya tun kafin azumi, muka yi ɗinkin biki biyu bayan nan, amma in mun hango ta sai mu shige ɗaki? Mai kuɗi yana da mota, ya je babbar kasuwa ya saya hannu da hannu. Talaka da matar da ba ta fita su ne za su rasa in masu bin gida suka daina ba da bashi, kuma wasu sun fara dainawa.

Saboda haka gobe in an yi sallama da hantsi, a amsa. In akwai bashi a rage ko da dala ɗari ne, in babu a faɗi rana a cika. In ba a saye, kada a sa ta kwance ƙulli, a ba ta ruwa ta sha ta wuce. Allah ya sa albarka a neman kowa.