Jan ɗigon nan na gefen kod, daga ina ya fito?

1/ 'Yan kwamfuta, ku matso. Jan ɗigon da kuke dannawa a gefen layi cikin VS Code don furogiram ya tsaya, wato birekfoyin, ya girmi iyayen yawancinmu. Asalinsa kuma waya ce ta gaske da ake zarewa da hannu. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Jami'ar Pennsylvania, Amurka, 1945. An gama haɗa ENIAC: nauyin tan 30, kwalaben lantarki kusan 18,000, aikinta lissafa wa sojoji inda harsashin igwa zai sauka. Ba a rubuta mata furogiram, jona shi ake yi da wayoyi da makunnai.

3/ Mata shida aka ɗora wa aikin: Kay McNulty, Jean Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. Babu littafin koyarwa. Zanen injin aka miƙa musu, da farko ma ba a bar su sun shiga ɗakin da yake ba.

4/ Betty Snyder, wadda aka fi sani da Betty Holberton, ita ta ba da labarin. In amsa ta fito a karkace, sai su zare wayar da ke kai sigina zuwa mataki na gaba. Injin ya tsaya cak, lambobin da ya riƙe suna nan a kan fitilu, su karanta su gwada da lissafin hannu. Sunan a Turance ma'anarsa wurin yankewa, kuma yankewar ta zahiri ce.

5/ A Fabrairun 1946 aka nuna ENIAC ga duniya. Betty da Jean ne suka shirya lissafin harsashin da aka nuna, amma ko liyafar daren ba a gayyace su ba. Wannan kam yana ci mini rai.

6/ Na san wani zai kawo labarin ƙwaron da aka ciro daga Mark II a Harvard a 1947. Gaskiya ne, yana nan manne a littafin aikinsu. Amma tun 1878 Edison ke kiran matsalar na'ura ƙwaro. Mu wuce.

7/ Da furogiram ya bar wayoyi ya koma cikin ma'adanar kwamfuta, babu sauran abin zarewa. Sai aka koma rubuta manhajar da ke tsare wata manhaja. A MIT an yi FLIT wa kwamfutar TX-0, sannan Alan Kotok ya rubuta DDT wa PDP-1 a 1961. Duka biyun sunan maganin ƙwari ne, da gangan 😂 Filit ɗin nan dai da manya ke cewa a fesa wa ɗaki.

8/ Dabarar ita ce musanya. Dibaga tana zuwa wurin da ka sa ɗigo, ta ɗauke umarnin da ke wurin ta ajiye, ta dasa tarko a madadinsa. A furosesoshin Intel tun 8086 na 1978, tarkon shi ne INT 3, lambarsa 0xCC, bayit ɗaya tak.

9/ Me ya sa ɗaya? Saboda akwai umarnin da tsawonsa bayit ɗaya ne. Da tarkon biyu ne, zai taka maƙwabcinsa, in wani tsalle ya sauka kan maƙwabcin sai furogiram ya haukace a wurin da ba ka taɓa ba.

10/ In ka ce a ci gaba, sai ta mayar da umarnin asali, ta bar furosesa ta yi taku ɗaya, ta sake dasa tarkon. Kowane zagaye haka. Shi ya sa ɗigo mai sharaɗi cikin madauki mai juyi miliyan yake sa laftof ta yi kamar ta mutu: sau miliyan ake tsayawa a duba sharaɗin, kai dai ba ka gani.

11/ Gefe guda: Visual Studio kan cika wurin da ba a sa wa komai ba da 0xCC lokacin gwaji. A tsohon tsarin haruffan Sin, biyunsu a jere suna ba da 烫, wato "zafi". Ɗaliban can sun daɗe suna ganin allo yana ihun zafi zafi zafi.

12/ 1985, Intel 80386 ta zo da rijista huɗu, DR0 zuwa DR3, masu gadin adireshi ba tare da an taɓa kod ba. Da su ake kama wanda ke canza maka darajar wani abu a ɓoye. Huɗun nan har yau huɗu ne fa. Ka zarce, GDB ko dai ya ƙi, ko ya koma rarrafe taku-taku.

13/ GDB ɗin Richard Stallman ya fitar a 1986. Kusan duk abin da ke cikin akwatin gefen VS Code yana cikinsa: kashe ɗigo ba tare da gogewa ba, na tsayawa sau ɗaya, mai sharaɗi, mai tsallake zagaye kaza. A ganina ɗigo ashirin a fayil guda alama ce ta mutum bai san wa yake zargi ba. Betty sai ta taka zuwa jikin injin kafin ta zare waya, dole ta fara tunani. Mu da dannawa ta yi mana arha, sai mu yi ta yayyafawa.

14/ Ba kowa ya yarda da dibaga ba kuma. Brian Kernighan ya fifita nutsuwa da 'yan print a wuraren da suka dace. Linus Torvalds ya yi shekaru yana ƙin sa ta a zuciyar Linux, sai 2008 kgdb ta shiga. Don haka masu yi wa 'yan aji ɗaya dariya kan print, a sassauta. Yanzu ma VS Code da Chrome suna da ɗigon da ba ya tsayar da komai, saƙo kawai yake rubutawa. Print ne ya sa babbar riga.

15/ Python 3.7 a 2018 ta kawo breakpoint(), layi ne da kake rubutawa cikin kod ɗin kansa, don haka yana bin ka har GitHub in ba ka cire ba. Ya kai saba, furogiram zai tsaya jiran umarni daga mutumin da ba ya nan. Masu furojet na ƙarshe, ku bincika shi kafin ranar difens. PYTHONBREAKPOINT=0 na kashe su duka lokaci guda.