Wata Shida Ba Kasafi: Majalisa da Kuɗin Riƙon Ƙwarya

Tushen mulkin wakilai shi ne kada gwamnati ta taɓa ko kwabo daga asusun jama'a sai da yardar Majalisar Dokoki. Amma akwai tambaya guda wadda kowace ƙasa mai bin wannan tafarki tilas ta amsa, watau idan sabuwar shekara ta kama alhali Majalisa ba ta gama da kasafin kuɗi ba, da izinin wa za a biya malamai da ma'aikatan asibiti da masu buɗe ƙofofin ruwa a gonakin rani? Amsar da Nijeriya ta bayar tana da tarihi, kuma tana da sakamako har a gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam da maƙwabtansu na Madobi.

A zamanin En'e wannan tambaya ba ta taso ba, gama kasafin Baitulmali wurin Razdan yake neman amincewa, talakan da ya biya haraji da jangali kuwa ba shi da ta cewa. Haka kuma daga shekarar 1966 zuwa 1979 soja ne ke mulki, kasafi da dokar soja yake fitowa. A cikin wannan zamani ne Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Ashe ke nan babban aikin da ya sāke fuskar noma a kudancin Kano an yi shi ne ba tare da wani zaɓaɓɓen wakili ya duba lissafinsa ba.

Da aka komo mulkin farar hula a 1979, Tsarin Mulki ya mayar wa Majalisa da ikon kuɗi, ya kuma bar wata kafa wadda Tsarin Mulkin 1999 ya gāda a sashe na 82. Abin da sashen ya tanada shi ne, in shekara ta shiga ba a zartar da dokar kasafi ba, Shugaban Ƙasa na iya ba da izinin fitar da kuɗi don gudanar da ayyukan gwamnati har tsawon wata shida, ko kuwa zuwa ranar da dokar ta fara aiki, muddin bai zarce abin da aka amince da shi na daidai wannan lokaci a bara ba. Sashe na 122 ya bai wa gwamnonin jihohi irin wannan dama. Abin lura a nan shi ne, ba a bukatar Majalisa ta zauna ta kaɗa ƙuri'a kafin a fitar da kuɗin.

Wasu ƙasashe ba haka suka yi ba. A Ingila gwamnati kan roƙi Majalisar Wakilai ta ba ta wani kaso na kuɗin shekara mai zuwa tun kafin ta kama, kuma sai an amince. Indiya ta rubuta wannan al'ada a sashe na 116 na Tsarin Mulkinta. A Amurka kuwa, in majalisa ba ta yi dokar wucin gadi ba sai ofisoshi su rufe, kamar yadda ya faru na kwana 35 daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, da kuma na kwana 43 a 2025. Nijeriya ta tsira daga rufe ofisoshi, amma abin da ta bayar a madadi shi ne rabin shekara wanda bakin wakilai ba ya cikinsa.

An yi wannan tanadi ne domin larura, sai ya nemi zama al'ada. Kasafin 2016 bai sami sa hannu ba sai ran 6 ga Mayu. Na 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ne ya sa masa hannu ran 12 ga Yuni, na 2018 kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ran 20 ga Yuni, saura kwana 10 watan shida ya ƙare. A 2017 Majalisar Dattawa ta amince a rage wa'adin zuwa wata uku, amma gyaran bai shiga Tsarin Mulki ba. Kasafin 2020, wanda aka sa wa hannu ran 17 ga Disambar 2019, shi ya maido da shekarar kuɗi kan ƙa'idarta, sai dai na 2025 ya sāke makara zuwa 28 ga Fabrairu.

Manomin rani shi ya fi kowa sanin nauyin waɗannan ranaku, ko da bai taɓa jin sunan sashe na 82 ba. Hukumar da ke sakin ruwan Tiga ta Gwamnatin Tarayya ce, kuɗinta daga kasafin Abuja suke zuwa. Kuɗin riƙon ƙwarya suna biyan albashi, amma sabon aikin da ke cikin kasafin da ba a zartar ba dole ya jira. Yashe magudanar da laka da kacala suka toshe, da gyaran hanyar da ake fito da tumatir da alkama, ayyuka ne na rani. In kasafi ya fito a Yuni, damina ta riga ta sauka, ɗan kwangila ba ya iya shiga faɗama da injinsa, aikin bana ya zama na baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka hannun Majalisa bai ɗaure gaba ɗaya ba. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon kiran kowane jami'i ya yi bayanin yadda aka sarrafa kuɗi, sashe na 85 kuma ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya miƙa mata rahotonsa. Illar ita ce duk wannan bincike bayan an kashe kuɗi yake zuwa. Saboda haka ma'aikacin da ke sa hannu a takardar biya cikin waɗannan watanni ya kamata ya sani cewa iyakarsa ita ce adadin bara, kuma ranar da za a tambaye shi tana nan tafe. Ɗalibi kuwa, in zai auna ƙwazon wakilinsa, sai ya duba ranar da aka zartar da kasafi, ya gwada ta da ranar da ruwan farko ya sauka a Madobi.