Ƙarfafa pon ɗin mota kat-kat da walda: amfaninsa, haɗarinsa da yadda ake yinsa

Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Dakwaro, Tanut ko Abalak, ko ya taɓa bin ayarin da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku, ya san abin da ke kashe mota a ƙasar nan: rairayi, gargada, rami da nauyin kaya. Tun da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, motocin Hilux da Land Cruiser sun ƙara yawa a kan waɗannan hanyoyi, masu walda kuma suka samu sabon aiki: ƙara wa pon ƙarfe don kada ya lanƙwashe. Aikin yana da amfani in an yi shi daidai. In aka yi shi da gaggawa kuwa, waldar da kanta ce za ta lanƙwasa pon ɗin.

Mene ne pon?

Pon, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira aksil, shi ne dogon bututun ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, da tulu a tsakaninsa. Cikin tulun akwai haƙoran da ke raba ƙarfin inji zuwa tayoyi biyu, suna iyo cikin mai. Cikin bututun kuma akwai sanduna biyu masu juyawa, wato shaf, kowace tana juya taya guda.

Kenan abu biyu ne: akwai gidan, akwai abin da ke cikin gidan. Gidan kaɗai ake ƙarfafawa da walda. Shaf ba a yi masa walda ko kaɗan, domin ƙarfe ne da aka gasa a masana'anta da zafi na musamman. Da wutar walda ta taɓa shi, wurin ya lalace, kuma a nan zai karye. A motoci da yawa, ciki har da bayan Hilux, in shaf ya karye kusa da taya, tayar tana iya fita gaba ɗaya mota na tafiya. Shaf da ya tsage ko ya murɗe, maganinsa sabo.

Ba kowace mota ke da irin wannan pon gaba da baya ba. Land Cruiser jerin 70, da aka fara ƙerawa a 1984, tana da shi gaba da baya, har da 79 mai buɗaɗɗen baya. Hilux ta yanzu kuwa a baya kawai take da shi; gabanta kowace taya da nata hannu.

Me ke lanƙwasa shi?

Nauyin mota yana danna pon daga sama, a wurin da lam suke zaune, ƙasa kuma tana tura tayoyi sama daga gefe biyu. Duk lokacin da mota ta faɗa rami ko ta dira daga tudun rairayi da kaya, wannan matsi yana ninkawa. A hankali sai bakunan pon su ɗaga sama, kawunan tayoyi su karkato ciki.

Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kamar tan guda, kuma cikin lissafin har da direba da fasinja. Buhu goma na hatsi mai kilo 100 sun cika tan ɗin. Tano guda na ruwa mai lita 200, kilo 200 ne ban da nauyin tanon. To, a ɗora buhu goma sha biyar, da tano biyu, da mutane a sama: ba sai an tambayi dalilin lanƙwasar ba.

Alamomin pon da ya lanƙwashe su ne: taya tana cinyewa ta gefen ciki, mai yana yoyo a bakin pon ko da an sake robar da ke tare shi, rulma, wato boris, tana mutuwa akai-akai, mota tana ja gefe guda, ko a ga siririn layin tsatsa ko jiƙar mai kusa da mazaunin lam, wanda sau da yawa tsagewa ce.

Irin ƙarfafawar da ake yi

Hanya ta farko ita ce gada: a yanka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 zuwa 6, a yi masa siffar akwati, a ɗora shi bisa tsawon pon ya haye tulu. In aka sa shi a sama, sai an tabbata ba zai bugi kaskon man inji, shasi ko bututun hayaƙi ba lokacin da mota ta nutsa da kaya. In aka sa shi a ƙasa, yana rage tazarar mota da ƙasa, sai ta riƙa kama rairayi da dutse.

Ta biyu ita ce ƴan ƙananan faranti masu kusurwa uku da ake sa wa a bakin pon na gaba, wurin da taya ke juyawa, don nan ne ya fi saurin lanƙwasa. Ta uku ita ce faranti a ƙasan tulu, kariya daga dutse.

Rodin gini da guntun lam ba kayan wannan aiki ba ne. Lam ƙarfe ne mai tauri, waldarsa tsagewa take yi. Rodi kuma ba ya hana lanƙwasa, sai ƙara nauyi.

Abin da ya sa walda ke lanƙwasa ƙarfe

Ƙarfe yana narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 1500. Wurin da aka narkar, in yana hucewa, tsukewa yake yi, ya janyo abin da ke kewaye da shi. In mai walda ya ja dogon layi guda a saman pon daga wannan baki zuwa wancan, saman zai gajarce, bakunan biyu su ɗaga sama. Ido ba zai gani ba, amma karkatar milimita kaɗan ta isa ta riƙa cin rulma da taya. Kuma yanzu da gada a kai, miƙar da shi ya fi da wuya.

Don haka ƙa'idar farko: ba a ƙarfafa pon da ya riga ya lanƙwashe. A fara miƙar da shi a injin matsa, ko a sake wani.

Matakan aikin

1. A sauke pon daga mota. Walda a ƙarƙashin mota, kusa da tankin mai da jarkoki, ganganci ne. Motar a ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe ko gungumen icce mai ƙwari, ba jak kaɗai ba.
2. A zubar da mai, a fitar da shaf, haƙora, rulma da robobi, a cire bututun birki. A wanke cikin da kyau ya bushe, don ragowar mai tana kama wuta. Kada a yi walda a kan ƙarfen da aka wanke da maganin wankin birki mai kulorin: da zafi ya taɓa shi, iska mai guba yake fitarwa.
3. A auna miƙewarsa kafin a fara, da miƙaƙƙiyar sanda da ta ratsa ciki ko da zare, a rubuta awon.
4. A gurje fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. A ɗaure pon bisa katon ƙarfe madaidaici.
5. A ɗiga walda nan da can don a kama farantin, a sake aunawa.
6. A yi ɗinki gajere-gajere, santimita 2 zuwa 3. In an yi ɗaya a dama, a koma hagu. In an yi gaba, a koma baya. A jira har hannu ya iya taɓa wurin kafin a sake kusantarsa. Aikin kirki yana iya cin wuni guda.
7. Kada a zuba ruwa don ya huce da sauri. Ruwa yana sa waldar ta yi tauri ta tsage.
8. Kada a toshe ramin shan iska da ke saman pon, da murfin zuba mai da na zubarwa.
9. A sake aunawa, a share ɓurɓushin ƙarfe daga ciki, a yi fenti, a haɗa da sabbin robobi, a zuba man pon irin su 80W-90, a fitar da iska daga birki.

In dole ta sa aka yi wata ƙaramar walda pon yana jikin mota, a cire kan batir, kuma a maƙala wayar mas dab da wurin aikin, don kada wuta ta ratsa ta cikin rulma ta ƙona ta.

Baget da inji

Sandar walda, wato baget, da aka fi samu a kasuwa ita ce 6013, wadda ake haɗa ƙofa da taga da ita. Ga abin da ke ɗaukar nauyi da girgiza, 7018 ta fi dacewa, amma tana son a adana ta a bushe, musamman da damina, kuma ba kowane ƙaramin inji ke kunna ta da kyau ba. Baget mai kaurin milimita 3.2 tana bukatar wajen amfiya 100 zuwa 130. In wutar gari ta yi rauni ko gurup ɗin ƙarami ne, waldar za ta kwanta a sama kamar kashin tsuntsu ba ta shiga ƙarfe ba.

A lura kuma da irin tulun. Na Hilux da Land Cruiser farantin ƙarfe ne da aka matsa, yana karɓar walda. A wasu motocin Amurka, kamar Jeep, tulun ƙarfen zubi ne. Shi sai an ɗumama shi tukuna, a yi amfani da baget mai nikel, a bar shi ya huce sannu. Wannan ba aikin koyo ba ne.

Mai walda ya rufe fuska da garkuwa mai baƙin gilashi na walda. Tabarau na rana ba ya tare hasken, kuma yara da ke tsaye suna kallo su ma idonsu yana ƙonewa.

Abin da ƙarfafawa ba ta yi

Gada ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Birki yana nan yadda yake, haka taya, rulma, lam da shasi. In pon ya daina lanƙwasa aka ƙara lodi, nauyin zai nemi wani wuri mai rauni, kuma wani lokaci wurin shi ne shasi ko tayar da za ta fashe da gudu, da mutane a sama.

Ga ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas masu aiko kuɗin gyaran motar gida, tambayoyi huɗu sun isa ku gane aikin: An sauke pon ɗin? An auna shi kafin walda da bayanta? Da wace baget aka yi? Awa nawa ya ɗauka? In aka ce cikin awa guda aka gama, mota na tsaye bisa tayoyinta, to a sake dubawa.

Bayan an gama, a fara gwada motar babu kaya a hanya mai kyau, a taɓa bakunan pon a ji ko sun yi zafi fiye da kima. Bayan tafiyar farko da kaya, a wanke wurin waldar a duba ko akwai tsagewa ko jiƙar mai, a sake ɗaure ƙusoshin lam. In aka ga tsagewa, motar ba ta sake ɗaukar fasinja sai an gyara. Allah Ya tsare hanya.