Jakar Maganin Matafiyi: Daga Ayarin Fatake Zuwa Jirgin Alhazai

Mai karatu, idan tafiya ta kama, ko ta aikin Hajji ce, ko ta kasuwanci, ko ta kai yara ganin dangi, magani ne kan zo ƙarshe a shiri. A ɗinka tufafi, a sayi tsaraba, a ƙulla kilishi da yaji, sai mota ta tsaya a ƙofar gida sannan a tuna da ƙwayoyin hawan jinin Baba. Alhali wannan 'yar jaka da ake rainawa tana da dogon tarihi. Kusan duk abin da likita zai ce ka saka a cikinta, sai da aka binne matafiya da yawa a bakin hanya kafin a gane amfaninsa.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da kaka, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, wadda yau take cikin Ghana, don sayen goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu ne shugaba, shi ya san zango da mashaya da sarakunan da za a biya kuɗin fito. Game da lafiya kuwa, kowane falke da abin da ya sani a gida yake tafiya: kanwa don ciki, bagaruwa da sabara don gudawa, citta da kanumfari da masoro don sanyi, man kaɗanya da zuma don rauni da fason ƙafa, ga laya da rubutun sha daga malami. Wasu cikin waɗannan suna da amfani na gaske, amma babu wanda ya iya da cutar da ke ɓoye cikin ruwa.

Falke ya sha ruwan kududdufi a wani zango, ya wuce lafiya lau. Sai bayan kusan shekara guda ƙafarsa ta yi ƙurji, kurkunu ya leƙo, a riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum na kwance makonni. Da yake tazarar ta yi nisa, ba wanda ya danganta ciwon da wancan ruwa. Daga baya aka gano cewa wasu ƙananan halittun ruwa ne ke ɗauke da tsutsar, kuma tace ruwa da ƙyalle mai matsattsen saƙa yana tare su. Da wannan dabara, da rijiyoyin burtsatse, aka ci ƙarfin cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, Ghana kuma a 2015. Kurkunu ya tafi, taifot da kwalara suna nan. Saboda haka ka fara shiri da tambayar abin da iyalinka za su sha a hanya: ruwan roba da ba a taɓa buɗewa ba, ko wanda aka tafasa, ko ƙwayar tsabtace ruwa, tare da sabulun wanke hannu.

Turawan da suka fara shigowa ƙasashenmu sun zo da akwatunan magani, amma abin da ke ciki bai tsare su ba. Likitancinsu na wancan zamani ya dogara ne ga zubar da jini da shan maganin wankin ciki mai ɗauke da zaiba. Walter Oudney, wanda shi kansa likita ne, ya mutu kusa da Katagum a watan Janairun 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Abokin tafiyarsa, Hugh Clapperton, ya mutu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan fama da zazzaɓi da atini. A 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa cikin kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na Turawan da ke ciki, aka koma ba shiri.

Maganin kuwa yana nan tun 1820, lokacin da wasu masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka. Abin da ya rage shi ne sanin lokacin shansa. A 1854 likita William Baikie ya jagoranci jirgin da ake kira Pleiad ya shiga Kwara da Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana tun suna da lafiya. Suka yi wata kusan huɗu a kan ruwa, suka fito ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Magani ɗaya ne, bambancin kawai an riga cutar sha.

Wannan darasi ya fi shafar 'yan'uwanmu da suka daɗe a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, suke shirin kawo yara gida. Juriyar da jiki ke samu ga zazzaɓin cizon sauro tana raguwa idan mutum ya bar yankin, yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita sam. Ku ga likita makonni kafin tafiya, domin wasu ƙwayoyin rigakafin kwana ɗaya ko biyu kafin tashi ake fara su, wasu kuma mako biyu ko uku, kuma dukkansu ana ci gaba da sha bayan an koma. Mazaunin gida shi ma ya naɗe gidan sauronsa a kaya, musamman idan akwai mai juna biyu, ko ƙaramin yaro, ko mai ciwon sikila. Zazzaɓi ya kama a hanya, a nemi gwajin jini a ranar, kada a dogara da ragowar maganin bara.

Wani darasin daga Gabashin Afirka ya zo. A watan Janairun 1867 wasu masu ɗaukar kaya biyu suka gudu daga ayarin David Livingstone, cikin abin da suka tafi da shi har da akwatin maganinsa, kwinin da komai. Daga nan ya shiga doguwar jinya a daji, lafiyarsa ba ta sake komawa daidai ba har ya mutu a 1873. Yau ba ɗan dako ne zai gudu da maganinka ba, babban akwati ne zai maƙale a wani filin jirgi kwana uku. Duk maganin da ranka ya dogara da shi, a jakar hannu yake zama.

A waɗancan shekaru, alhazanmu da ƙafa suke tafiya. Su bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa noma da ƙwadago don tara guzuri, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu kan shekara da yawa a hanya, wasu a Sudan suka zauna har yau. Babbar masifar da ke jiran mahajjata a lokacin ita ce kwalara. Ta ɓulla a Makka a 1831, ta dawo da ƙarfi a 1865 ta kashe dubban mutane, abin da ya sa aka kafa wuraren killace alhazai a tsibirin Kamaran da kuma Ɗur a yankin Sina'i. Killacewa ta rage yaɗuwa, amma wanda ya kamu ba shi da wata makawa, domin ruwan jikinsa ne ke ƙarewa cikin sa'o'i.

Sai a 1971 aka tabbatar da mafita a idon duniya. Yaƙin Bangaladash ya kora miliyoyin mutane zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon, ruwan ƙarin da ake sa wa ta jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya haɗa gishiri da sukari a manyan ganguna, ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su da kofi. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4. Wannan haɗi ne ke cikin 'yar fakitin ORS da ake sayarwa a kemis. Ka saka kamar goma a jaka. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Yaro mai gudawa a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Amma idan akwai jini a bayan gida, ko ya kasa sha, ko idanu sun zurma, ko fitsari ya ɗauke, asibiti za a nufa.

Da jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, sai cuta ma ta samu abin hawa. Sanƙarau ya ɓarke a Hajjin 1987, alhazai suka koma da shi ƙasashensu, Saudiyya ta wajabta rigakafi. A 1996 annobar da ta afka wa Arewacin Nijeriya ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, har aka hana alhazan ƙasar zuwa Hajji a shekarar. Wani nau'in cutar ya sake ɓulla a Hajjin 2000 da 2001, dalilin da ya sa aka koma allurar da ke kare nau'i huɗu. Ana yin ta aƙalla kwana 10 kafin isa, haka ma ta shawara, wadda tun 2016 aka amince cewa sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda ya sayi katin rigakafi ba tare da allura ba, jami'in filin jirgi ya yaudara, cutar ba ta karanta kati.

Matafiyin yau ya bambanta da falken da. Sau da yawa dattijo ne mai hawan jini, ko uwa mai ciwon sukari, ko yaro mai asma ko farfaɗiya, mutanen da a zamanin ayari ba za su ko fara tafiyar ba. Magani ne ya buɗe musu hanya, kuma yankewarsa ce babban haɗarinsu. Ka ƙirga na kwanakin tafiya, ka ƙara na mako guda ko biyu saboda jinkirin jirgi. Ka bar kowanne a kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan cutar, da ainihin sunan maganin, da yadda ake sha, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Insulin, da aka fara yi wa ɗan'adam allurarsa a Kanada a 1922, zafi yana lalata shi, daskarewa ma haka, don haka a sa shi a jakar sanyi ba tare da ya taɓa ƙanƙara ba. Tramadol da kodin kuwa, Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna tsananta doka a kansu, kuma ƙullin da wani ya ba ka saƙo, idan ba ka san abin da ke ciki ba, kada ka karɓa.

Zafi ma a sa shi a lissafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya haura 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300. Laima, da gorar ruwa, da takalmi mai laushi ga mai ciwon sukari, duk cikin kayan lafiya suke. Sauran ƙanana ne: parasitamol, ma'aunin zafin jiki, filasta, bandeji, auduga, maganin wanke rauni, da takunkumin fuska saboda cunkoso. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa sai da rubutun likita.

Madugu ba ya ɗaura wa jaki kaya sai ya san mashayar gobe. Kai ma ka ware rana guda, mako huɗu zuwa shida kafin tashi, ka kai iyalinka asibiti, a duba kowa, a yi allura, a rubuta magani. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.